Dogo Ɗaya, Hukumomi Biyu: Sabon Yayin Reluwe A Agege

Duk wanda ya san Agege ya san reluwe ce ta rene ta. A 1896 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga Ikko, ya isa Badun a 1901, kuma a 1912 hanyar ta haɗu da ta Kano. Tun daga nan jirgin ƙasa ya zama jakin fatake, yana sauko da shanu, yana komawa Arewa da goro. Wannan ciniki ne ya kafa Zangon Agege. Daga baya masana'antun Ikeja suka tashi a maƙwabta, ma'aikata suka cika garin maƙil.

A duk tsawon zamanin nan mai dogo ɗaya ne. Daga 1955 Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ce ke da hanya da tasha da tarago, ita ke sa lokaci, ita ke ɗaukar laifi in an yi ɓarna. To, yanzu al'amari ya sake.

A watan Yuni na 2021 aka buɗe sabon dogo mai faɗi daga Ikko zuwa Badun, wanda ya bi gefen tsohon nan mai ƙafa uku da rabi. A watan Maris na 2023 aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga sha'anin reluwe. Sai kuma ranar 29 ga Fabrairu, 2024, aka ƙaddamar da jirgin Jihar Ikko da ake kira Red Line, ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar. Yana bin kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, da tashoshi takwas, har da Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin. Abin lura shi ne jihar ba ta shimfiɗa nata dogo ba. Hukumarta ta LAMATA ta ƙulla yarjejeniya da hukumar Tarayya ne, jiragen duka suna hawa hanya guda.

Amfanin wannan a fili yake. Da an ce sai an fitar da sabuwar hanya a tsakiyar Mushin da Oshodi, da gidajen da za a rushe da diyyar da za a biya sun isa su kashe aikin tun a takarda.

Amma fa zaman tarayya sai da tsari. Jirgin Badun na son ya miƙe ba tsayawa, na cikin gari kuwa tasha-tasha yake bi, ga kuma na kaya daga tashar ruwa ta Apapa, mai nauyi da jan jiki. Jirgi ba mota ba ne, balle ya kauce ya ba na baya hanya. In ɗaya ya makara ko ya lalace, na bayansa sai jira. Saboda haka tilas masu ba da hannu su zama da murya ɗaya, a kuma san wanda gyaran dogo ya rataya a wuyansa, kada ranar ɓarna kowa ya nuna ɗan'uwansa.

Magana mafi nauyi ita ce ta rai. Ba a manta da ranar 9 ga Maris, 2023 ba, sa'ad da jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikatan jiha a wata mahaɗa a Ikeja, aƙalla mutum shida suka rasu. An gina gadojin sama a Pen Cinema da Ikeja da Yaba da Oyingbo don raba mota da jirgi, amma gada ba ta hana mai baza haja a bakin dogo, ko mai tura baro ya tsallaka don yanke. Wanda ya saba da tsohon jirgi mai wucewa jifa-jifa, ya sani yanzu jirage sun yawaita, sun kuma fi sauri. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan kasuwa su ja kunnen jama'arsu, hukuma kuma ta samar wa waɗanda aka tasa wurin zama, don ba a raba mutum da abincinsa da bulala kaɗai.

Saura abin da ya fi damun ɗan Arewa. Sabon dogon a Moniya ta Badun ya tsaya, kuma taragon tsohuwar hanya ba ya hawa sabuwa, don faɗinsu ba ɗaya ba. A 2016 an gwada sauko da shanu daga Gusau zuwa mayankar Oko-Oba ta tsohon dogo, amma abin bai ɗore ba, tirela ce dai ke ɗaukar kayan. Muddin ba a haɗa Badun da Abuja da Kano ba, bafataken Agege zai ci gaba da ganin jirgi na wucewa ta ƙofar gidansa, shi kuwa yana biyan kuɗin mota.