Kada Aikinmu na Kwamfuta Ya Ƙare a Kabad

Kowane zango a kan ba mu aikin kwamfuta, mu kwafo daga intanet, a ba mu maki, takardun su ƙare a kabad. Mu 'yan ƙungiyar jarida muna ganin lokacin canji ya yi.

Akwai manhajojin da kowa yake da izinin dubawa da gyarawa kyauta, kamar LibreOffice da MediaWiki, wadda Wikipedia take aiki da ita. Ba masu rubuta manhaja kaɗai suke buƙata ba, suna neman masu yi wa jama'a bayanin yadda ake amfani da su. Wannan kuwa ɗan aji huɗu ma zai iya.

Ga shawarwari uku. Na farko, mu fassara saƙonnin MediaWiki zuwa Hausa a translatewiki.net. Na biyu, mu rubuta jagora mai hotuna kan buga wasiƙa da LibreOffice Writer. Na uku, mu gwada Sphinx, manhajar da ake tsara bayanan Python da ita, mu ga ko ƙ, ɗ da ɓ suna fitowa daidai. In sun ƙi, mu sanar da masu kula da ita.

Wasu za su ce ba wuta, ba data. Gaskiya ne, amma ana iya fara fassara a takarda, a shigar ranar da aka tayar da janareta.

Muna roƙon malamanmu su riƙa ba da maki a kan irin wannan aiki. In mu masu harshen ba mu yi ba, wa zai yi mana?