ƘASAR GWAMNATI CE, AMMA WA KE DA ƘOFAR KASUWA?

Yau labarin wata kasuwa muke ɗauke da shi daga ƙasar Amurka, kuma ku da kuke zaune garuruwan kasuwa kun fi kowa gane shi.

A birnin Dalas, cikin jihar Teksas, akwai babbar kasuwar shekara da ke ci tun 1886. Kwana 24 take yi. Mutum fiye da miliyan 2 ke shigarta, da mata da yara, da masu shanu, da masu tuya, da makaɗa. Filin da take ci, Fair Park, mallakar hukumar birnin ne. Amma ba hukuma ke riƙe da kasuwar ba. Wata ƙungiya ce mai zaman kanta ta ɗauki filin haya.

Da can, duk mai takardar izini yana shiga da ƙaramar bindigarsa ɓoye cikin riga. Sai ran 14 ga Oktoba 2023 wani ya buɗe wuta a rumfar abinci, mutum 3 sunka yi rauni, kasuwa ta watse. Da shekara ta kewayo, a 2024, masu kasuwa sunka ce: to, daga yau ba mai shiga da bindiga, ko da takarda ko babu, sai 'yan sanda da waɗanda sunka yi ritaya daga aikin.

Nan rigima ta tashi. Depite fiye da 70 na jihar sunka sa hannu ga takardar ƙin yarda. Babban lauyan gwamnatin jihar, Ken Pakston, ya kai ƙara cikin watan Agusta. Hujjarsa ita ce dokar Teksas ta hana hukuma korar mai takardar izini daga wurin da ta mallaka, in ba wuraren da doka ta keɓe ba. Tun da fili na birni ne, in ji shi, ba mai ikon tsaida bindiga a ƙofa.

Mu dai mun ce wannan hujja ba ta tsaya ba.

Dokar nan hannun hukuma ta ɗaure. Ba ta ce komi a kan ɗan haya ba. Kuma abin mamaki, shi Pakston ɗin da kansa, a 2016, ya fid da takardar ra'ayi cewa ƙungiyar da ta ɗauki filin gwamnati haya tana iya hana bindiga, muddin ba hukuma ta sa ta ba. Da ya shiga shari'a ya ga takardar ta tare masa hanya, sai ya janye ta a Satumba 2024! Doka ba ta sake ba. Babban mutum ne ya sake baki. Alƙalai kuwa ba su bi shi ba. Har kotun ƙoli ta jihar ta ƙi dakatar da hanin, kasuwa ta ci ba bindiga, haka kuma a 2025.

Kada mu zalunci masu ɗaya maganar. Suna cewa mugu ba ya bin doka, mutumin kirki kaɗai za a kwance wa ɗamara, ga shi zai taka da dare daga ƙofa zuwa inda ya aje mota. Gaskiya ne, akwai wannan. Amma ku dubi kasuwarku ranar da ta cika, inda kafaɗa ke gogar kafaɗa, mai talla na ratsawa, yaro ya saki hannun uwarsa. A irin wannan wuri, in mutum biyar sunka zaro bindiga lokaci guda, ɗan sanda ya san wane ne mugun? Harsashi ya san mai laifi? Wanda ya tara jama'a shi za a tambaya in jini ya zuba. Ba a ɗora wa mutum amanar rai miliyan biyu sannan a hana shi tsare ƙofarsa.

Kuma in an ce fili na gwamnati ne, ma'anarsa na jama'a ne duka. Tsohuwar da ta zo da jikokinta kallon shanu tana da rabo cikinsa daidai da mai bindiga.

Abin da ke faruwa in an ƙwace wannan iko, an gan shi a wata jiha, Jojiya. Can dokar 2014 da hukuncin kotun ƙolin jihar na 2019 sunka bar ikon hana bindiga ga mai doguwar haya kaɗai. Mai aron filin hukuma na 'yan kwanaki ba shi da shi. A 2022 masu shirya babban wasan kiɗa na Music Midtown, a lambun Piedmont na birnin Atlanta, sunka fasa taron. Su ba su faɗi dalili a fili ba, amma jaridun garin sun ce batun bindigar ne. Mai bindiga bai ji kiɗa ba, marar bindiga bai ji ba, masu sayar da abinci sunka rasa cinikin kwana biyu.