Ɗan Naman da Likitan Haƙori Ke Shakkar Yankowa



Sharhinmu na yau a kan gyambon baki ne, wanda ya ƙi warkewa. Mutum zai ga ɗan rauni a gefen harshensa, ko farin tabo a cikin kunci wanda ba ya goguwa, ko kuma dasashi ya kumbura haka kawai. Sai ya kurkure baki da ruwan gishiri, ya leƙa kyamis, sati biyu, sati uku, abu yana nan daram. Daga ƙarshe ya isa gaban likitan haƙori, ya buɗe baki. To, me likitan zai yi?

Ido kaɗai ba ya raba gardama a nan. Gyambon da tsinin karyayyen haƙori ya haddasa da wanda yake mafarin ciwon daji suna iya yin kama sosai a farko. Hanyar da ake tabbatarwa ita ce a yi allurar kashe wurin, a yanko ɗan naman da bai wuce ƙwayar wake ba, a aika wa likitan da ke nazarin tsoka da madubin ƙara girma. Wannan aiki shi likitoci ke kira bayofsi. Sau da yawa ba ya kai rabin awa, a kan kujerar da ake cire haƙori ake yin sa, majinyaci ya tafi gida da ɗinki ɗaya ko biyu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 kusan mutum 378,000 ne suka kamu da dajin leɓe da na cikin baki, kusan 178,000 kuma suka rasu. Taba da giya ne kan gaba wajen jawo shi, kuma ba sigari kaɗai ba: a Sudan likitoci sun daɗe suna danganta shi da tumbak, garin tabar nan da ake cusawa a leɓe. Alƙaluman Amurka sun nuna cewa idan aka gano cutar tun ba ta bar inda ta tsiro ba, fiye da mutum 80 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara biyar. Idan ta riga ta yi nisa a jiki, ko rabi ba sa kaiwa. Abin da ke ci mini rai shi ne, baki wuri ne da ake gani ƙuru-ƙuru, ba hanta ba ne ko huhu da sai an ɗauki hoto. Fitila da ɗan madubi sun isa a hango matsalar.

Duk da haka, likitocin haƙori da yawa ba sa yankowa. Wani bincike da aka yi a Manchesta ta Ingila, aka wallafa a 2002, ya gano cewa tsiraru ne daga cikin likitocin haƙori na gama-gari suke yin bayofsi da hannunsu, kuma bincike a wasu ƙasashen ya zo da irin wannan labari. Dalilan da suke bayarwa kusan iri ɗaya ne: ba mu samu horo isasshe ba, muna gudun mu ɓata aikin, muna gudun jini ya ɓalle.

Ni ban ga laifinsu ba da suka faɗi gaskiya. Ɗalibin haƙori a Nijeriya yana shafe shekara shida a jami'a, sannan shekara guda ta horon asibiti. A tsawon wannan lokaci hannunsa yana sabawa da cire haƙori da cike shi, domin sai ya yi adadin da aka ƙayyade kafin a bar shi ya zauna jarrabawa. Bayofsi kuwa, ɗalibi yana iya karanta shi a littafi, ya amsa tambaya a kansa, ya tsaya bayan malami ya kalla, ya kammala karatu bai taɓa riƙe wuƙar ba. Wanda aka yaye a haka, aka tura shi babban asibitin wata ƙaramar hukuma shi kaɗai, ta yaya ba zai ji faɗuwar gaba ba? Sai ya rubuta maganin ƙwayoyin cuta da na kurkurar baki, ya ce a dawo bayan sati biyu. Wani majinyacin ba zai dawo ba sai bayan wata shida, fuska ta kumbura, harshe ya ƙi motsi.

Kuma aikin yana da ƙa'idojin da sai hannu ya saba. Allurar kashe zafi a kewayen gyambon ake yin ta, domin in aka tsira ta a cikinsa ruwan maganin zai jirkita kamannin tsokar. Ba a ɗauko nama daga tsakiyar gyambo inda ya riga ya ruɓe. Gefe ake nufa, a haɗo da ɗan lafiyayyen wuri, a kuma nutsa ƙasa yadda mai nazari zai ga ko cutar ta fara kutsawa ciki. In aka matse naman da hantsaki ya dagargaje, aikin ya tashi a banza. Da an yanko shi sai a jefa shi nan take cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan kuma ya ninka naman aƙalla sau goma. Wanda ya sa shi a ruwan famfo, ko ya naɗe shi a auduga ya bushe, ya sa bawan Allah ya sha yanka ba amfani. Sai takardar da za ta raka kwalbar: shekarun majinyaci, daga ina aka yanko, yaushe ciwon ya fara, yana shan taba ko ba ya sha. Duk wannan ana iya fara koyon sa a kan harshen saniya ko kan rago da aka sayo a mahauta, kafin a kai ga ɗan Adam ƙarƙashin idon malami. Kuɗin da zai ci bai taka kara ya karya ba.

Sai dai kada a ɗauka ina cewa kowane likita ya zaro wuƙa a kan kowane ƙari. Akwai kumburin da tarin jijiyoyin jini ne, in aka tsaga shi jinin zai yi wuyar tsayawa. Akwai wanda ke can bayan harshe, ko cikin ƙashin muƙamuƙi, ko majinyacin da ke shan maganin tsinka jini. Waɗannan na ƙwararru ne. Haka ma gyambon da kamanninsa suka nuna daji ƙarara: a Ingila ƙa'idar da aka fitar a 2015 ta ce duk gyambon bakin da ya haura sati uku ba a san dalilinsa ba, a tura mai shi ga ƙwararru cikin gaggawa. Horo na gari yana koya wa likita abin da zai yanka da abin da zai tura gaba ba tare da ɓata ko kwana ɗaya ba. Amma a tuna, ƙwararren da ke kusa da mutumin Landan, namu mutumin sai ya sayar da akuya ya hau mota zuwa Kano, Zariya, Sakkwato ko Maiduguri kafin ya gan shi. Saboda haka nauyin da ke kan likitanmu na karkara ya fi na takwaransa na can yawa, horonsa ma ya kamata ya fi faɗi.

Ina ganin tsangayoyin koyar da likitancin haƙori, irin na Jami'ar Bayero da na Jami'ar Maiduguri, tare da hukumar da ke ba likitoci lasisi, za su iya sa bayofsi cikin ayyukan da dole ɗalibi ya yi da hannunsa kafin a yaye shi. Waɗanda suka riga suka fita kuma, tunda sai sun halarci kwasa-kwasan ƙara ilimi ake sabunta musu lasisi, a sa wannan a ciki, kuma ya zama na aiki da hannu. Gwamnatocin jihohi su ma da nasu: ko likita ya iya yankan, in babu fomalin a asibiti, babu motar da za ta kai kwalbar ɗakin gwaji, ko sakamako ya yi wata biyu bai dawo ba, gwiwarsa za ta yi sanyi ya daina.

Mu ma jama'a da namu. Mun saba jin ana cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata ya bazu. Wannan magana ta sa mutane da dama sun gudu daga asibiti a daidai lokacin da ake iya ceton su. Abin da ke faruwa shi ne, galibi ba a zuwa sai cutar ta ci ƙarfin jiki, in ta ci gaba bayan gwajin sai a ɗora wa wuƙa laifi. Don haka idan likita ya ce zai ɗebi ɗan nama, ku tambaye shi ina za a kai, yaushe sakamako zai fito, wa zai yi muku bayaninsa, sannan ku koma ku karɓa a ranar da ya sa muku.

A nan za mu dakata. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, a huta lafiya.