Waƙa ran Lahadi, tiya biyu ran Litinin

Maganata ta yau da ƴan uwana Kirista ce. Kai kuma maƙwabcina Musulmi, kada ka ajiye takarda. Zauna ka saurara, don kai ne shaidarmu. Rijiyarmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, ka san halinmu fiye da yadda muke zato.

Zan fara da abin da idona ya gani. A wani ƙauye cikin ƙasar Maraɗi akwai wani dattijon majami'a. Ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi sunan garin ba. Ran Lahadi shi ne na farkon zuwa. Kujerarsa tana gaba. In an ɗauki waƙa muryarsa ta rufe ta kowa. In kuwa aka ba shi addu'a, yara su yi barci su farka bai ce amin ba.

Ran kasuwa na iske shi a rumfarsa ta hatsi. Tiya biyu gare shi. Ɗaya an bubbuge gindinta ta yi ciki, da ita yake saye a hannun manoma. Ɗayar an danna gindinta ya taso sama, da ita yake sayarwa. Ta sayarwa tana bisa buhu kowa na gani. Ta saye tana ƙarƙashin tabarma, sai in an kawo kaya take fitowa.

Akwai wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa huɗu. Majami'arsu ɗaya da dattijon nan. Da kaka ɗanta ya kwanta, ta kawo hatsi ta sayar don ta sayi magani. Ya auna da babbar. Da marka rumbu ya ƙare, ta dawo saye, hatsi ya yi tsada. Ya auna mata da ƙaramar. Ran Lahadin da ta biyo, shi ne ya tashi ya roƙi Allah ya dubi marayu. Ita kuma ta ce amin.

Tunda yanzu ka iya lissafi, ɗauki alli mu lissafa tare. Babban buhu tiya 40 ne. Tiya ɗaya ta hatsi kusan kilo biyu da rabi ce. A ce cikin kowace tiya goma mutum ya tauye guda. A buhu ɗaya ya ci tiya 4, wato kilo 10. Ya ci wajen saye, ya kuma ci wajen sayarwa, sun zama tiya 8. In ya juya buhu goma, tiya 80 ke nan, buhu biyu cur da bai noma ba, bai kuma biya ba. Daga tukunyar wa suka fito?

Wataƙila ka ce me ya haɗa tiya da sujada. To, buɗe Littafi Mai Tsarki, ka nemi littafin Amos. Ɗan ƙarami ne, sura tara kawai. Amos ba malami ba ne, bai kuma yi makarantar annabawa ba. Makiyayi ne daga wani ƙauye mai suna Tekowa, kudu da Urushalima, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Mutumin karkara ne kamar ni da kai. Ya rayu wajen shekara 750 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin sarki Yerobowam na biyu. Lokacin ƙasar Isra'ila tana cikin wadata. Wuraren sujada a cike, hadaya ba ta yankewa, mawaƙa da makaɗa suna ta aikinsu. Duk wanda ya leƙa zai ce mutanen nan sun riƙe Allah hannu biyu.

Amos ya leƙa kasuwa. A sura ta 8, aya ta 4 zuwa ta 6, ya ba da labarin ƴan kasuwar hatsi na zamaninsa. Suna kiyaye ranar hutu, ba sa buɗe rumfa. Amma suna zaune suna ƙosawa rana ta faɗi, su koma su rage mudu, su ƙara kuɗi, su murɗe ma'auni. Har sharar hatsi da ƙaiƙayi suna haɗawa su sayar wa talaka. A sura ta 5 kuma ya gaya musu amsar Allah. Allah ya ƙi bukukuwansu, ba ya karɓar baikonsu, waƙarsu ta zama masa surutu. Abin da yake nema shi ne gaskiya da adalci, su yi ta gudu kamar ƙoramar da ba ta ƙafewa.

Ka lura, mutanen nan ba su daina zuwa sujada ba. Suna zuwa, har sun fi mu zuwa. Wannan ne ya ba ni tsoro. Firist na Betel, mai suna Amaziya, ya ji wa'azin bai yi masa daɗi ba, ya ce wa Amos ya tattara ya koma ƙasarsu ya nemi abincinsa can. Ba a yi shekara arba'in ba, a 722 kafin haihuwar Almasihu, Assuriyawa suka ci Samariya suka kwashe mutanen.

Tun kafin Amos ma, shari'ar Musa ta yi maganar. Dubi Maimaitawar Shari'a sura ta 25, daga aya ta 13. An hana mutum ya ajiye mudu iri biyu a gidansa, babba da ƙarami. Ajiyewa kawai an hana, balle aunawa. Maƙwabcinka Musulmi ma zai gaya maka cewa a cikin Alƙur'ani akwai sura guda, ta 83, a kan masu tauye mudu. Saboda haka in ya gan ka da tiya biyu, ya san ka karya naka littafin, ka kuma karya abin da kowa ya sani.

Tiya ba ita kaɗai ba ce. Akwai bashin hatsi. Da marka ka ba ɗan uwanka tiya goma, da kaka ka karɓi ashirin, kana kiran abin taimako. Fitowa sura ta 22 ta hana karɓar ruwa a hannun matalaucin da ka ranta wa. Ke kuma ƴar uwa, kada ki yi dariya kina nuna maza. Zanen zumuntar mata ya yi miki kyau, kin iya kaɗa tulu da caki. Man gyaɗar da kika kai kasuwa fa, zalla ne? Yarinyar da kika ɗauko riƙo daga ƙauye, ita ke daka, ita ke ɗiban ruwa, ƴaƴanki suna lakwal ita tana gida. Ran Lahadi ma ita ke tsaron tukunya, ke kina gaba kina waƙa.

Ta yaya muka kai nan? Ni dai ga abin da nake gani. Mun gaji abin, ba mu saya ba, abin gado kuwa ba ya zafi a jiki. Ƴan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya suka zauna Tsibiri. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932. An buɗe asibitin Galmi a 1950. Kiristan farko na ƙasar nan ƴan kaɗan ne, kuma da yawansu sun biya da tsada. Wani dangi suka juya masa baya, wani ya rasa gado, wani ya rasa matar aure. Mutumin da ya rasa gonar ubansa saboda abin da ya gaskata ba ya wasa da abin. Mu jikoki kuwa mun tashi mun iske suna a shirye. An sa mana Yohanna da Rahila, an yi mana baftisma, mun haddace waƙoƙi. Sai muka ɗauka sunan ya isa. Muka kwanta a inuwar itacen da wani ya dasa, ko ruwa ba ma ba shi.

Wani zai ce, malam, ka manta 2015? Ban manta ba. Ran 16 ga watan Janairu a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, aka ƙone majami'u masu yawa, aka rasa rayuka. Mutanenmu suka taru cikin toka suka yi sujada, da yawa suka ce sun yafe. Wasu Musulmi kuma suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a gidajensu, Allah ya saka musu. Abin alfahari ne, ba na rage shi. Amma ga tambayata. Mun iya tsayawa ranar wuta. Ran Litinin da babu wuta, babu mai kallo, sai kai da tiya da tsohuwar da ba ta gani sosai, ka iya tsayawa? Wuta ba kullum take zuwa ba. Kasuwa kuwa kowane mako take ci.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su. Na farko, kowa haka yake yi, in na auna daidai zan karye. Ƙarya ne a ce kowa. A kowace kasuwa akwai mai awo da mata ke bin layi a gabansa, don sun san tiyarsa. Tambayi matarka, za ta gaya maka sunansa. Ko da ma a ce kowa ne, to, me ya sa ka tashi da sassafe ran Lahadi ka ce kai na Almasihu ne?

Na biyu ya fi wayo. Mai shi zai gyara zama ya ce ai ceto ta wurin bangaskiya ne, ba ta wurin ayyuka ba. Gaskiya ne, ni ma haka na gaskata. Ba wanda zai sayi sama da tiya, ko da ta cika ta tumbatsa. Amma karanta wasiƙar Yakubu sura ta 2. Ya kwatanta bangaskiyar da ba ta haifi aiki ba da gawa. Gero in yana da rai zai fid da kai. Karan da ya shekara tsaye bai fid da zangarniya ba, kai manomi ka san sunansa, ka kuma san abin da ake yi da shi.

Na uku, ai ina ba da zakka da baiko, ni na sayi kwanon rufin majami'a. To, a nan maganar ta iso kanku, fastoci da dattawa. Kun san wane da wane. Matansu sun sani, yara sun sani, ku ma kun sani. In yarinya ta yi ciki ba aure, nan da nan a sa ta horo, a hana ta cin jibi, a maida ta kujerar baya. Mai tiya biyu kuwa, yaushe aka taɓa sa shi horo? Shi ne ma ke raba gurasa. Dalili, kwanonsa ne bisa kanku, kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. Na fi son majami'ar kara da zana, wadda fasto zai iya buɗe baki a cikinta.

Kada ka ɗauka ni na tsira. Ranar da na ga tiyoyin nan biyu, na gaishe da dattijon da ladabi, na ce baba ina ciniki, na wuce. Na ce a raina a bar kaza cikin gashinta. Akwai kuma wani ɗan ƙwadago da ya yi mini noma kwana uku. Na ce ya dawo jibi. Jibi ta zama mako biyu, kuɗin kuwa suna aljihuna. Cikin makon nan biyu na je sujada sau biyu, har na karanta nassi a gaban jama'a. Daga baya na ci karo da Yakubu sura ta 5, inda aka ce ladan ma'aikacin gona da aka danne yana kuka har Ubangiji ya ji. Jikina ya yi sanyi. Musa a baki, Fir'auna a zuci, ashe da ni ake.

Me za a yi? Hawaye a gaban bagade ba su da wuya, an sha yin su lokacin taron farkawa, mako ya zagayo a koma gidan jiya. Dubi Zakka a Luka sura ta 19. Babban mai karɓar haraji ne a Yariko, ya yi arziki da zaluntar mutane. Da Yesu ya shiga gidansa, bai tashi ya rera waƙa ba. Ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya cuta kuma ya maida masa ninki huɗu. Bayan wannan magana ne Yesu ya ce ceto ya sauka a gidan. Ni ban ce ka yi ninki huɗu ba. Fara da ninki ɗaya. Ka san gidan matar nan. Ka san tiya nawa ne, tunda kai ka auna. Ɗora su bisa jaki da dare in kana jin kunya, ka kai mata. Tiyar da aka danna wa gindi kuwa, huda ta da ƙusa, a riƙa ba kaji ruwa a wani abu dabam. Ɗan ƙwadago, a biya shi kafin rana ta faɗi. Yarinyar riƙo, a rubuta sunanta a lakwal bana.

A da kana iya cewa ba ka sani ba, sai abin da mai wa'azi ya zaɓa ya karanta maka. Yanzu ka shiga yaƙi da jahilci, idonka ya buɗe, wannan hujja ta faɗi. Amos 8 ba ta fi shafi ɗaya ba. Karanta ta da ƙarfi a ƙofar gida yau da dare, matarka da ƴaƴanka suna ji. In an nemi wanda zai karanta nassi ran Lahadi, ɗaga hannu ka roƙi a ba ka ita, ka karanta a hankali.

Wanda kuma yake ganin na yi wa Kirista ƙazafi, ko na tona asirin gida a gaban baƙi, ga alƙalami ga takarda, ai yanzu ya iya rubutu. Ya rubuto wa jaridar nan, zan amsa masa. Sai dai ya gaya mana tun a layin farko tiya nawa ke rumfarsa.