LAFIYA UWAR JIKI: Mai Teɓa, Yaushe Rabonka Da Kifi?



Makon jiya ciwon kai ya kai ni asibiti. Maimakon likita ya dubi kan, sai ya ɗauko tef irin na tela ya auna mini ƙugu. Da na nemi dalili, ya ce teɓar nan da abokai su ke yi mini kirari da ita, wai arziki ya zauna, tana cikin alamu biyar da likitoci ba su son ganin sun taru a jiki guda.

Alamun kuwa su ne: ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji ko 80 ga mace, awon jini daga 130 bisa 85, sukarin jini da ya kai 100 kafin karin kumallo, yawan maiƙon da a ke kira tiragilisarayid, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Wanda uku suka haɗu gare shi, ciwon sukari da na zuciya sun kusato ƙofarsa. Wani likitan Amurka, Gerald Reaven, shi ya jawo hankalin duniya a 1988 ga yadda irin waɗannan larurori ke tafiya tare.

To, me ya kawo kifi cikin zancen? A 1970 likitocin Denmark biyu, Bang da Dyerberg, suka tafi Girinlan suka auna jinin mutanen Inuwit, waɗanda cimarsu kifi ce da naman dabbobin teku. Suka tarar duk da kitsen da su ke ci, maiƙon jininsu bai kai na mutanen Denmark ba. Daga nan hankali ya koma kan omega-3, man da ke jikin kifi, wanda ke rage maiƙon da hanta ke zubawa cikin jini. Bincike da dama ya nuna masu yawansa a jini ba su cika tara alamun nan ba. Ɗan'uwansa omega-6, na man gyaɗa da waken soya, shi ma yana da amfani idan ya maye gurbin kitse da man shanu.

Sai dai a yi hattara da masu tallar ƙwayoyin man kifi. A Ingila an gwada mutum fiye da 15,000 masu ciwon sukari har shekara bakwai, rabinsu na shan ƙwayar kullum. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna ba ta rage musu bugun zuciya ko shanyewar jiki ba.

Saboda haka, mai karatu, kuɗin ƙwaya gara ka kai wa mai kifi. Titus, shawa ko sadin, sau biyu a mako, gasasshe ko cikin miya. Ka rage lemon kwalba, ka riƙa taka sayyada, ka je a auna ka tun kana kan ƙafafunka. Rigakafi ya fi magani.

Ni dai tela ya ba ni aron tef. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.