Wai Kowa Ya Daina Cin Kifi?

'Yan'uwa marubuta, akwai wani fim na Netflix mai suna Seaspiracy, wanda Ali Tabrizi ya shirya a 2021 kan ɓarnar da ake yi wa teku. Ɓarnar gaskiya ce, ba mu musa ba. Amma da aka zo batun magani sai ya ce a daina cin kifi. Kowa da kowa fa!

Wannan maganar ƙoshi ce. Mutumin Landan in ya bar kifi, abinci bai ƙare masa ba. Matar da ke bandar kifi a gaɓar Senegal ko Gambiya fa, ta koma ina? Ba ita ta yashe tekun ba. Manyan jiragen ƙasashen waje ne ke jan koma ba dare ba rana, masana'antu irin na Nuwadibu a Muritaniya kuma su niƙe ƙananan kifayen su zama gari, a fitar waje a ciyar da kifin kiwo da dabbobi. Rahoton Greenpeace na 2021 ya ce fiye da tan 500,000 ake kwashewa haka duk shekara. An mai da cimar talaka dusa.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne aikin namu ne. Hoto ba ya yanke hukunci; wanda ya rubuta bayanin da ke bin hoton shi ke zaɓen mai laifi. Mu kuwa mun bar wa wasu wannan rubutun, wai teku ba ta shafe mu ba, alhali kifin ƙanƙarar da ake soyawa a Kano daga cikinta ya fito.