Ba Kowace Masifa Ce Tashin Duniya Ba

Duk lokacin da fari ya tsananta ko ruwa ya ci gari, sai ka ji mutanenmu suna cewa, "Shi ke nan, duniya ta zo ƙarshe." Ni dai ina ganin wannan magana tana kashe zuciya, kuma akwai abin da za mu koya game da ita daga mutanen Indiya.

A harshen Sanskirit, watau tsohon harshen littattafan addinin Hindu, akwai kalmar "pralaya", ma'anarta narkewar duniya. Amma masanansu sun kasa ta kashi-kashi. "Mahapralaya" ita ce babba, wadda ba ta barin komai. "Khanda pralaya" kuwa ita ce rushewar wani yanki, domin "khanda" gutsure ke nan. A cewarsu, yini ɗaya na Brahma shekara miliyan 4,320 ne. Littafin Vishnu Purana ya ce idan yinin ya ƙare za a yi farin shekara 100, sa'an nan wuta, sa'an nan ruwa ya rufe duniyoyi uku, daga baya a sake sabon zama. Kalmar ta shiga bakin talakawa, har ambaliyar da ta auka wa jihar Kerala a 2018 "pralayam" suka kira ta da harshensu.

Mu Musulmi ba mu yarda da wannan lissafi ba, domin sanin ranar tashin Alƙiyama na Allah ne Shi kaɗai. Abin da ya ja hankalina shi ne wani labarinsu na Manu, wanda kifi ya yi wa gargaɗin zuwan ruwa. Da zai shiga jirgi, sai ya ɗebi irin shuka iri-iri. Wanda ya ɗebi iri ya san akwai gobe.

To, mu dawo gida. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984. Shanu sun mutu, rijiyoyi sun ƙafe, mutane sun tafi cin rani kudu. Duk da haka ga Kankia nan, ga Kusada nan, ana noman gero da dawa da wake. Waɗanda suka fara farfaɗowa su ne masu ɗan abin shuka a rumbu.

Wani zai ce mai jin yunwa ba ya ajiya. Gaskiya ne, shi ya sa ake yin tanadi tun ana ƙoshe, don ba a fafe gora ranar tafiya. Amma me muke gani? Da kaka ta yi sai a kwashe hatsi a kai kasuwar Caranci a sayar da araha saboda biki, da bazara kuma a sayo shi da tsada. Ana sare gawo da kuka, ba a dasa wasu.

Saboda haka ina roƙon iyayenmu su riƙa ware damin iri kafin su taɓa sauran. Mu kuma ɗalibai, kowa ya dasa itace ko da ɗaya ne a wannan damina, ya kuma yi masa shinge saboda awaki. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.